Wa Ya Ba Mu Sikelin Auna Gwani?

'Yan uwa marubuta, idan aka tashi jera gwanayen hafsikod, wato kayan kiɗan Turawa da ya riga fiyano, mai tsinkar tsirkiya maimakon dukanta, sunan Bach ake fara kira. Amma a 1723 majalisar birnin Leipzig a Jamus ba ta ɗauke shi aiki ba sai da Telemann ya ƙi, Graupner kuma ubangidansa ya hana shi tafiya. Na uku ne a idonsu!

Élisabeth Jacquet de La Guerre ta wallafa littafin kiɗanta a Faransa a 1687, fadar Sarki Louis na 14 ta jinjina mata, daga baya masu rubuta tarihi suka kau da kai. Shi kansa hafsikod ɗin an jingine shi kusan ƙarni guda, sai da irin su Wanda Landowska suka kaɗe masa ƙura a ƙarni na 20.

Ashe jerin fitattu ba wahayi ba ne. Mutane ke rubuta shi, da son ransu da mantuwarsu.

To mu fa? Muna naɗa gwani saboda yawan mabiya a Facebook, muna binne wanda ba shi da uban gida. Wannan zalunci ne, kuma gobe a kanmu zai faɗo. Kada mu ƙara saka suna ko cire shi sai mun karanta aikin mai shi. Gani ya kori ji.