Wai "miliyan dubu" ƙauyanci ne? Ku zo mu yi ta

1/ Jiya muna sauraron labarai a ɗaki, mai karantawa ya ce "naira miliyan dubu biyar". Sai wani ɗan ajinmu ya tuntsire da dariya, wai ƙauyanci ne, a ce biliyan biyar mana kamar yadda Bature ya ce. Na tambaye shi, wane Baturen? Ya yi shiru. To ku biyo ni.

2/ Mu fara da miliyan. Daga Italiyanci ta fito. "Mille" shi ne dubu, aka ƙara mata "one" a ƙarshe don nuna girma. Ma'anarta kawai babban dubu. Turanci ma aro ya yi, kamar yadda muka ara a wajensa.

3/ Ita kuwa "billion", wani masanin lissafi Bafaranshe mai suna Nicolas Chuquet ya rubuta ta a 1484. "Bi" na nufin biyu, wato miliyan sau miliyan. Ɗaya da sifili 12. Wannan ce ma'anarta ta asali, ba miliyan dubu ba.

4/ Daga baya wasu masu lissafi a Faransa suka rage mata tsawo, ta koma sifili 9. Amurka ta ɗauki wannan. Ingila ta ƙi, ta tsaya a kan 12. Shekara da shekaru Ba'amurke da mutumin Ingila na faɗin kalma ɗaya, amma kuɗin wannan ya ninka na wancan sau dubu.

5/ Sai a 1974 Firayim Minista Harold Wilson ya bayyana cewa gwamnatin Birtaniya za ta riƙa amfani da lissafin Amurka. Kun ji fa, 1974. Iyayenmu da yawa sun girmi biliyan ɗin da kake mana taƙama da ita.

6/ Abin dariyar, Faransa da ta koya wa Amurka sifili 9 ta juya ta koma 12 a hukumance a 1961. Har yau a Faransanci "billion" tiriliyan ɗinmu ce. Miliyan dubu kuwa "milliard" suke ce mata.

7/ Ga inda abin ya shafe mu. Bahaushen Maraɗi zai ce miliyar, na Katsina ya ce biliyan, kuma adadi ɗaya suke nufi. Amma wanda ya ɗauko takardar Faransanci ya ga "billion" ya fassara ta biliyan, wallahi ya zaftare lissafin sau dubu. A maganar bashi ko kasafin kuɗi wannan ba wasa ba ne.

8/ Yanzu ka ce miliyan dubu biyar. Ɗan Zinder ya gane, ɗan Zariya ya gane, kakata da ba ta taɓa zama a aji ba ta san kuɗin na da nauyi. Babu wanda zai tambaye ka lissafin wace ƙasa kake bi.

9/ Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, mu ɗin da muke jami'a, mu nawa ne muke jin nauyin biliyan a ranmu? Daƙiƙa miliyan ɗaya kwana 11 da rabi ce. Daƙiƙa biliyan ɗaya ta haura shekara 31. Amma a kunne miliyan da biliyan harafi ɗaya ya raba su. Shi ya sa in an ce biliyoyi sun yi ɓatan dabo muke ɗaga kafaɗa mu wuce.

10/ Ban ce a daina cewa biliyan ba, ni ma ina faɗa, a jarrabawa ma ita zan rubuta. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a raina wanda ya zaɓi kalmar da ta fi fito da adadi fili, don kawai ba ta yi kama da Turanci ba.

11/ Abokina, na san kana karantawa. Kafin ka ƙara yi wa wani dariya, ƙirga sifilinka tukuna. Shayin yau a kanka yake.