A daina sayar wa yara sigari kara-kara

A bakin titin Kano zuwa Katsina da ya ratsa Kankia, haka ma a Kusada, mai tebur kan fasa kwalin sigari ya sayar kara-kara, har ga yaron da bai kai shekara 18 ba. Dokar taba ta 2015 ta haramta duka biyun, kuma da dalili: sinadarin nikotin da ke cikin sigari na isa ƙwaƙwalwa cikin kimanin daƙiƙa 10, ƙwaƙwalwar matashi kuwa saurin sabo gare ta, har ya kasa yini bai zuƙa ba. Arhar kara ɗaya ke jawo shi. Za a ce hanyar abincin mai tebur ce. Haka ne, amma ba wanda ya hana shi sayar wa babba kwali sukutum. Hakimai da limaman garuruwan biyu su fara zama da masu tebur.