Shekarun tsohuwar bindiga a jikin ƙarfenta suke

Da zarar an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, sai hankalin waɗansu manoman ƙasar Sarkin Hausa ya koma daji. Zomo da fakara da zabin daji suna nan cikin sauruka da gorubar Gulbin Kaba, ga kuma ɗan kuɗin wake da gyaɗa a aljihu. A irin wannan lokaci ne tsofaffin bindigogin farauta suke sauya hannu. Wani ya gada daga mahaifinsa yana neman kuɗin aurar da ɗiya, wani ya karɓa a madadin bashi, wani kuma daga kudu aka kawo masa. Kowane mai sayarwa bakinsa ɗaya: ƙarfen da ne, ba a yin irinsa yanzu. Mai saye sai ya shafa itacen, ya ɗana kunama ya ji ƙara, ya miƙa kuɗi.

Ya ku ƴan uwa manoma, mun ga ya dace mu yi magana a kan wannan ciniki, domin abin da ake sakawa cikinsa ya wuce jikkunan da aka ƙirga. Hannun da ke riƙe bututun bindiga shi ne hannun da zai riƙe hauya da damina. Idan bututu ya tsage, yatsu da ido ne suke fara biya.

A kasuwar Mayahi ko ta Tasawa, babu mai hankalin da zai sayi sa don dillali ya rantse masa cewa ɗan shekara huɗu ne. Baki ake buɗewa a dubi haƙora. To, bindiga ma tana da nata haƙoran. A yawancin ƙasashen Turai da ke ƙera bindiga akwai gidan gwaji, inda ake ɗura wa sabuwar bindiga albarushin da ya fi na kullum ƙarfi a harba. Idan ta jure, sai a buga mata hatimi a jiki. Gidan gwajin birnin Liyej na ƙasar Beljik ya samo asali tun 1672, na Sentetiyen a Faransa kuma tun 1782. Siffar hatimin takan canza daga zamani zuwa zamani, saboda haka wanda ya san shi yana iya kimanta shekarun bindiga ko da babu takarda.

Inda hatimin yake

A fara tabbatar da cewa babu harsashi a ciki. Sai a cire itacen da ke ƙarƙashin bututu, a karya bindigar, a raba bututun da gindinta. A juya bututun, a goge ƙarƙashinsa kusa da mazaunin harsashi da tsumma mai ɗan mai, a duba cikin hasken rana. Kada a kankare da wuƙa ko yashi, don rubutun ƙanana ne, da wuya a maido shi idan ya shafe.

Ta Faransa takan zo da sunan ST ETIENNE tare da zanen rassan dabino a gicce da kambi a samansu. Wadda aka fi sani a ƙasashenmu ita ce Simplex mai baki ɗaya, ta kamfanin Manufrance, wadda aka fara ƙerawa a 1908. Robust mai baki biyu ta biyo baya a 1913. Babbar masana'antar ta rufe a 1985, ke nan duk wadda ta fito daga cikinta ta kai shekara 40, waɗansu kuwa sun haura 100. Haruffa PT a jikinta suna nuna an gwada ta da albarushi marar hayaƙi, haruffan da aka soma bugawa a 1900.

Ta Beljik tana da haruffa ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai. Idan babu kambi a saman da'irar, kafin 1893 aka gwada ta. Idan an rubuta 12 da harafin C cikin zane mai kusurwa huɗu, tsakanin 1898 da 1924 ne. Daga 1924 sai aka koma rubuta lambobi biyu tare, kamar 12-70, cikin wani zane mai kama da kofaton doki. Hoton zaki a kan haruffa PV shi ne shaidar gwaji da albarushi marar hayaƙi.

Ta Rasha, wadda aka fi sani da Baikal, ita ce mafi sauƙin ganewa. Mai baki ɗaya da ake kira IZH-18 an fara ƙera ta a 1964. Idan an rubuta MADE IN USSR, to kafin rushewar Tarayyar Sobiyet a ƙarshen 1991 aka yi ta, ta wuce shekara 30. Mai MADE IN RUSSIA bayan haka ta fito.

Kunnuwa biyu a waje da ake ja da babban yatsa salo ne na da, amma su kaɗai ba su isa hujja ba, don an daɗe ana ƙera masu irinsu. Kyan itace ma ba ya nuna shekaru. Kafinta yana sassaƙa sabon gindi cikin kwana biyu, fenti kuma yana rufe tsatsa.

Lamba 65 da lamba 70

A cikin dukan abin da aka buga a jikin bututu, wannan ne ya fi shafar lafiyarmu. Lambar 65 ko 70 tsawon mazaunin harsashi ne a ma'aunin milimita. A tsofaffin bindigogin Faransa akan ga an rubuta 6.5, duk ɗaya ne da 65. Kafin yaƙin duniya na biyu, 65 shi ne ma'aunin da aka saba da shi a Turai, daga baya 70 ya karɓi wurinsa. Yawancin harsashin lamba 12 da ake sayarwa a yau na 70 ne, har akwai na 76.

Ga inda mutane suke ruɗuwa. Harsashin 70 yana shiga mazaunin 65 lafiya lau, bindiga ta rufe, mai ita ya ce ai ya dace. Dalili kuwa, tsawon da aka rubuta a kwalin harsashi na bayan an harba ne, lokacin da bakinsa ya buɗe. Kafin harbi bakin a naɗe yake, shi ya sa ya fi gajarta. Sa'ad da wuta ta tashi, bakin yana bukatar wurin miƙewa. Idan mazaunin ya gaza, sai ya miƙe cikin wuyan bututu ya ƙuntata hanya, ƙarfin albarushi ya ƙaru a kan ƙarfen da ya riga ya tsufa. Sau da yawa ba a harbin farko abin yake faruwa ba. Ana iya shekaru ana harbi lafiya, ƙarfe yana gajiya a ɓoye, har ranar da zai saki. Saboda haka maganar “na sha harba ta ban ga kome ba” ba ta isa a dogara da ita ba.

Akwai kuma bututun da ake ganin zane a jikinsa kamar igiyar da aka tufka. Irin wannan, sandunan ƙarfe aka murɗa aka naɗe aka haɗa da wuta, aikin zamanin baƙin albarushi mai hayaƙi. Tsatsa tana bin layin haɗin ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Kada a saka masa harsashin zamani ko sau ɗaya.

Abin da ido da kunne za su ƙara

Masu cewa ƙarfen da ya fi na yanzu suna da ɗan gaskiya, don akwai Simplex ƴar shekara 60 da aka riƙe da mai da tsumma, wadda ta fi wata ƴar shekara 10 da aka yasar a zaure lafiya. Shekaru suna gaya mana irin harsashin da aka yi bindiga dominsa, riƙo kuwa shi ke nuna abin da ya rage na ƙarfinta. Don haka bayan karanta hatimi, a ɗaga bututun a leƙa ta cikinsa wajen haske. Ramukan tsatsa masu zurfi, kumburi ko lotsawa, kowannensu ya isa a fasa ciniki. A rataye bututun mai baki biyu da zare a ƙwanƙwasa shi da ɗan itace. Lafiyayye yana amo kamar ƙararrawa, wanda haɗinsa ya saki kuwa amonsa a dushe yake. A mayar da bututun a kan gindi ba tare da itacen gaba ba, a girgiza. Idan yana motsi, maƙullin ya ci.

Bindigar da ta yi damina a rataye, a leƙa cikinta kafin fita ta farko. Zanzaro yana son yin gini cikin bututu, kuma ɗan laka ko yashin da ya toshe baki yana iya fasa ko sabuwar bindiga.

Wadda ba ta da hatimi ko kaɗan, mai yiwuwa ƙirar gida ce da ba ta taɓa shiga gidan gwaji ba, ko kuwa an goge. Muna girmama maƙeranmu, su ne masu hauya da gatarinmu, amma babu maƙerin da ke da abin auna ƙarfin da bututu zai jure. Wadda aka kankare lambarta kuwa, akwai abin da ake ɓoyewa. A zamanin da ɓarayin daji suka addabi yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, wanda aka samu da irinta zai sha tambayoyin da ba shi da amsarsu. Riƙe bindiga sai da takardar izinin hukuma. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta 29 ga Afirilu 1998 ta shimfiɗa sharuɗɗan farauta, ta kuma ware namun da aka hana kashewa. Kafin a biya kuɗi, a nemi bayani wurin jandarma da ma'aikatan gandun daji.

Shawararmu

Muna kira ga sarakunan baka da dattawan maharba su mai da wannan dubawa al'ada, kamar yadda buɗe bakin dabba ya zama al'ada a kara. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da wanda ya iya, a kwafe haruffa da lambobin a takarda, a gwada su da abin da ke jikin kwalin harsashi. Mai sayarwar da ya hana a kwance bindigarsa a duba, a bar masa kayansa, ba a cinikin biri a sama. Wadda aka gada daga kaka kuma aka ga ta zamanin baƙin albarushi ce, a daina harba ta, ta gama nata aikin.

Idan tsautsayi ya auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta don tsai da jini. Kada a zuba toka, ƙasa ko kashin dabba. Idan ido ne, a rufe shi ba tare da murzawa ko ƙoƙarin zaro ƙarfe ba. A garzaya likita mafi kusa ko asibitin Mayahi ko na Tasawa, a kuma karɓi allurar rigakafin tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki.

Jama'a, naman zomo na dare ɗaya ne, gona kuwa tana jiran hannu biyu kowace shekara. Garin neman gira kada a rasa ido. Allah ya kai mu damina lafiya.