Yaro na jijjiga, ana neman jijiya: a ba hanci dama

Ƴan uwa matasa, damina in ta kankama, daga Yuli zuwa Oktoba, duk wanda ya leƙa ɗakin yara a asibitocin Maraɗi ko Damagaram ya san abin da palu ke yi. Zazzaɓi ya hau, yaro ya sanƙare, ido ya juye, sai jijjiga. Lokotoroci sun ce in jijjiga ta wuce minti 5 da wuya ta tsaya da kanta, kuma in ta daɗe tana iya taɓa ƙwaƙwalwa.

To me ake yi? A nemi jijiya a sa diyazefam. Amma jijiyar ɗan shekara biyu da ya sha amai da zawo, yana fizge-fizge, cikin dare, da cocilan a baki, ba wasa ba ce. In ta gagara sai a ba shi ta dubura. Wannan na aiki, sai dai yakan yi jinkiri, in kuma yaron na zawo maganin ya fito.

Akwai wata hanya: midazolam ta hanci. Ana ɗaura wani ɗan kai a bakin sirinji marar allura, ya mai da ruwan maganin feshi, a raba shi ƙofofin hanci biyu. Cikin hanci cike yake da ƙananan hanyoyin jini, shi ya sa magani ke shiga jiki cikin ƴan mintoci ba sai ya bi ta ciki ba. Nauyin yaro ake dubawa a auna. Kuma kada a ce abin Turawa ne kawai. A Blantaya ta ƙasar Malawi an gwada lorazefam ta hanci ga yara masu jijjiga, aka buga sakamakon a 2006, ya tsai da ciwon ga mafi yawansu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma da gaskiyarsu. Midazolam na iya rage numfashi. Hanci cike da majina ko haɓo ba ya karɓar magani sosai. Kuma a ƙasar da taramol ke yawo a tiren ƴan talla, dole a ji tsoron maganin barci ya faɗa kasuwa. Shi ya sa ban ce a raba wa gidaje ba. Kar ma wani ya karanta wannan ya je ya ɗura wa yaro jiƙo ko ruwan albasa a hanci, wallahi shaƙe shi zai yi. Naka aikin: kwantar da shi a gefensa, kar a cusa cokali a baki, a garzaya likita.

Abin da nake nema, ma'aikatar kiwon lahiya ta sa wannan hanya cikin ƙa'idar aikin gaggawa, a horas da majoji da masu jinya na CSI, a ba su maganin da kan feshin da jakar hura numfashi, a riƙa rubuta kowace kwalba da ta fita. Feshin jijjiga kaɗai yake tsaidawa. Maganin palu da awon sukarin jini na nan daram.

Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Ku tambayi majon unguwarku ko ƙauyenku: in an kawo yaro na jijjiga ƙarfe biyun dare, jijiya ta ƙi samuwa, me ke cikin akwatinsa? Ku rubuto mana amsar da ya ba ku.