Giya Ta Huɗu A Cikin Motar 1970

A duk inda masu sha'awar tsofaffin motoci suka taru a Amurka, akwai muhawarar da ba ta ƙarewa: shin ya halatta mutum ya kwance giyabos ɗin da kamfani ya ɗaura wa mota fiye da shekara 50 da suka wuce, ya sa mata wani na zamanin da ya biyo baya, mai giya huɗu? Wasu na ɗaukar wannan tamkar kankare rubutu a tsohon kundi. Ni kuwa ina ganin, ga mafi yawan waɗannan motoci, sauyin shi ne alherin da ya fi dacewa a yi musu, kuma hujjar tana cikin lissafi tun kafin a zo ga son rai. Sai dai akwai tsirarun motoci da bai kamata ko sifana a kusance su da ita ba, kuma akwai abin da ake rasawa wanda masu goyon bayan sauyin ba su cika son ambata ba.

Motocin da ake magana a kansu su ne waɗanda Amurkawa suka laƙaba wa sunan da ke nufin "masu ƙwanji". Galibi ana ƙirga zamaninsu daga 1964, shekarar da John DeLorean da abokan aikinsa a Pontiac suka ɗauki babban inji mai silinda 8 da faɗin lita 6.4, suka cusa shi a cikin matsakaiciyar mota, suka kira ta GTO. Nan da nan Chevrolet da Ford da Dodge da Plymouth suka bi sahu. Zuwa 1970, ana iya shiga shagon dillali a sayi Chevelle SS mai inji lita 7.4 da ƙarfin doki 450. A lokacin galan ɗin fetur bai wuce santi 36 ba, kuma ma'aunin da samari ke auna mota da shi shi ne daƙiƙa nawa take ɗauka ta cinye rubu'in mil daga tsaye.

Giyabos mai sauya kansa da ke cikin waɗannan motoci giya uku gare shi, wani lokaci ma biyu, kamar Powerglide na Chevrolet. Ko TH350 da TH400 na General Motors ne, ko C4 da C6 na Ford, ko TorqueFlite na Chrysler, duk sun haɗu a abu guda: a giyar ƙarshe, juyi ɗaya na inji juyi ɗaya ne na farfela. Daga nan babu sauran abin da zai rage wa inji wahala sai haƙoran aksul ɗin baya. Aksul mai 3.73, alal misali, yana nufin sai farfela ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan lambar ta yi girma, mota za ta tashi kamar an harba kibiya, amma inji zai yi ta kururuwa a babban titi. Idan ta yi ƙanƙanta, za a samu natsuwa a doguwar tafiya, a rasa zafin tashin da aka sayi motar dominsa. Mai mota a 1970 dole ya zaɓi ɗaya, ya haƙura da ɗaya.

Giyar sassauci, wadda makanikai ke kira obadiraib, ita ce ta warware wannan ƙulli. Giya ce da farfela ke juyawa a cikinta fiye da inji. Duk wanda ya taɓa tuƙa Camry ko Corolla 'yar Beljiyam ya san ɗan maɓallin nan na jikin sandar giya da ke kunna O/D OFF a gaban direba. Ita ce yake kashewa. Kuma tunanin ba baƙo ba ne ga motocin Amurka, domin tun 1934 Chrysler ta sa irinta, ƙirar Borg-Warner, a motar Airflow mai giyar hannu. Arhar fetur na cikin abubuwan da suka sa aka yi watsi da ita a shekarun 1960.

Abin mamaki shi ne, musibar da ta kashe motoci masu ƙwanji ita ce ta haifi giyabos ɗin da ke raya su a yau. Tsadar inshora da dokar tsabtace iska ta 1970 sun riga sun raunana su; takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a Oktoban 1973 ya ƙarasa su. A farkon 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudu a mil 55 a awa a faɗin ƙasar, a 1975 kuma majalisa ta tilasta wa kamfanoni rage shan man motocinsu. Don cika wannan sharaɗi ne Ford ta fito da AOD a 1980, General Motors ta fito da 200-4R a 1981 da 700R4 a 1982. An ƙera su ne don tsimin mai a motocin iyali. Babu wanda ya zana su yana tunanin tsohuwar Chevelle.

Yanzu ga lissafin. A ɗauki Chevelle mai TH350, aksul 3.73, da taya mai tsayin inci 26. A gudun mil 70 a awa, wato kimanin kilomita 113, injin yana juyi kusan sau 3,370 a minti, har da ɗan ƙari saboda zamewar kwanbata, wato kwanon man nan da ke tsaye a madadin kuloci tsakanin inji da giyabos. A sa mata 700R4, wanda giyarsa ta huɗu 0.70 ce, sai juyin ya sauko zuwa kimanin 2,360. Bambancin ya kai juyi 60,000 a kowace awa. Daga Los Angeles zuwa Las Vegas, tafiyar da ta yi kusan nisan Kano zuwa Abuja, an ɗauke wa fistin da bawul juyi kusan 240,000. Zafi ya ragu, lagireto ya huta, shan mai ya sauka, kuma mutanen da ke cikin motar suna iya jin maganar juna.

Akwai riba ta biyu da ba a cika lura da ita ba, kuma a ganina ta fi ta farko daɗi. Giyar farko ta TH350 2.52 ce, ta 700R4 kuwa 3.06. Idan aka ninka 2.52 da aksul 3.73 ana samun 9.4. Idan aka ninka 3.06 da aksul mai sanyin hali na 3.08, 9.4 ɗin dai ake samu. Ma'ana, motar da ta fito da aksul na tafiyar iyali za ta riƙa tashi kamar wadda aka sa wa na tsere, sannan a babban titi injinta ya zauna a ƙasa da juyi 2,000. Zaɓin dolen da aka ɗora wa mai mota a 1970 ya kau gaba ɗaya.

Kada kuma a manta cewa titunan ma sun sauya. An soke dokar mil 55 a 1995. A yau jihohi da dama sun halatta mil 70 zuwa 80, akwai ma wani titi a Texas mai iyakar 85. Motar da injinta ke kuka a mil 65 ta zama abin da manyan tireloli ke matsa wa ƙaho. Sakamakon a fili yake: mai ita zai fito da ita ranar Lahadi, ya zagaya unguwa, ya mayar da ita gareji. Mota kuwa zama ke cin ta. Robobin da ke tare mai suna bushewa, man burki yana shan danshi, fetur yana tsami a kafireta, taya tana lotsewa a wurin da ta daɗe a tsaye. Na'ura ce da aka gina don motsi, kuma duk abin da ya sa mai ita ya ji sha'awar ɗaukar iyalinsa ya nufi wata jiha da ita yana ƙara mata kwana.

To, ina masu cewa an ci amanar tarihi? Hujjarsu tana da tushe. Daga ƙarshen shekarun 1960, kamfanoni suna buga wani ɓangare na lambar mota a jikin inji da giyabos, don haka ana iya tabbatar da cewa kayan da ke cikinta su ne aka haife ta da su. A kasuwannin gwanjo irin su Barrett-Jackson da Mecum, wannan dacewar lambobi kuɗi ne tsagwaronsa. A 2014 an sayar da wata Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5. Irin wannan mota ta daina zama abin hawa, ta koma shaida. Wanda ya yanka ƙarfen ƙasanta don ya sa giya ta huɗu ya yi ɓarnar da babu walda da za ta gyara, kuma ba na kare shi.

Amma nawa ne irinta? A 1966 kaɗai Pontiac ta ƙera GTO kusan 97,000. Chevelle da Mustang kuwa dubban ɗaruruwa ake fitarwa kowace shekara. Yawancin waɗanda suka rage sun riga sun sha sauyin inji da fenti da kujeru a hannun samarin da suka more su a lokacin da ba su da daraja. Samarin nan ma tun ranar farko suke sauya kafireta da salansa da aksul. Taɓa mota ɓangare ne na al'adar tun asali. Saboda haka neman a tsare "asalin" motar da asalinta ya tafi tun 1978 ya fi kama da tsaron rijiyar da ta ƙafe. Ƙa'idar da nake ganin ta isa ita ce: duk abin da aka kwance da sifana, a iya mayar da shi da sifana. A tsiyaye man tsohon giyabos, a toshe kafofinsa, a ajiye shi tare da farfelarsa da ƙarfen da ke tallafe shi. Ranar da mai saye ya ce asali yake so, aikin kwana biyu ne.

Ƙorafin da ya fi damuna wani ne daban, kuma ba shi da alaƙa da kuɗi. Mota tana da hali. Wani ɓangare na halin Chevelle mai aksul 4.10 shi ne wannan gurnani da ba ya lafawa, da yadda take amsa totur nan take a kowane gudu saboda injin kullum yana cikin fushinsa. Da an sa giyar sassauci, sai ta yi laushi. A mil 70 an taka, sai ta ɗan yi jim, ta sauko giya, sannan ta zabura, kamar kowace motar zamani. Wanda ya tuƙa ta a haka bai san ainihin abin da direban 1970 ya ji ba. Wannan hasara ce ta gaskiya. Abin da kawai zan ce shi ne giya ta uku tana nan ba ta je ko'ina ba: a ja sandar giya mataki ɗaya, gurnanin ya dawo. Mai giya uku shi ne ba shi da inda zai ja idan kunnensa ya gaji.

Sauran abin da ya rage shi ne aikin kansa, kuma a nan ne ake yawan kuka. Babban tarkon 700R4 da 200-4R da AOD wata siririyar waya ce da ke tashi daga kafireta zuwa giyabos, wadda ake kira kebul ɗin TV. Da ganinta sai a ɗauka irin wayar TH350 ce, wadda aikinta kawai sauko da giya idan an taka totur ƙasa. Wannan kuwa ita ke gaya wa giyabos yawan matsin man da zai danne farantan kulocinsa da shi. Idan ta yi sako-sako, ko hannun totur na tsohuwar kafireta bai ja ta a kusurwar da ta dace ba, matsin zai gaza, farantai su riƙa zamewa, sabon giyabos ya ƙone cikin 'yan mil kaɗan. Shi ya sa ƙwararru ba sa fita gwaji sai sun ɗaura agogon auna matsi. Haka nan a 700R4 da 200-4R dole a ja wutar da za ta kulle kwanbata a giya ta huɗu, in ba haka ba zamewarta za ta dafa man giya.

Akwai kuma wanda sauyin ba zai amfana ba ko kaɗan. Motar da aksul ɗinta 2.73 ne, idan aka ƙara mata giyar 0.67, injin zai faɗo zuwa kusan juyi 1,650 a mil 70. Idan an sa masa kamshaf na tsere, wanda ba ya numfashi da kyau sai juyi ya hau, motar za ta riƙa shaƙewa tana farautar giya, ta sha mai fiye da da. Giyar sassauci abokiyar aksul mai zafi ce. In babu shi, an kashe kuɗi a banza.

Game da wanda za a zaɓa, ga motocin General Motors ni 200-4R nake fifitawa, duk da cewa 700R4 ya fi suna. Tsawonsa kusan ɗaya ne da gajeren TH350, don haka sau da yawa tsohuwar farfela tana shiga ba tare da yanka ba, sai dai a matsar da ƙarfen tallafi baya. Da yawa daga cikinsu suna ɗauruwa a injin Chevrolet da na Pontiac da Buick da Oldsmobile duka. Tazarar giyarsa ta farko da ta biyu, 2.74 zuwa 1.57, ta fi ta 700R4 kusanci. Shi na biyun daga 3.06 yake faɗawa 1.63, har inji ya rasa kusan rabin juyinsa a sauyi ɗaya. Kuma shi ne Buick ta amince wa a Grand National da GNX na 1987, ko da yake sai an ƙarfafa cikinsa kafin ya jure babban inji. Mai inji lita 7.4 da ke son ƙarfi marar shakka zai karkata ga 4L80E na 1991, wanda TH400 ne da aka ƙara wa giyar 0.75, amma yana da nauyi da ƙiba, yana buƙatar kwamfutarsa, kuma a wasu motocin sai an daki ƙarfen ƙasa da guduma kafin ya zauna. Masu Dodge da Plymouth sun fi kowa shan wahala, domin A518 galibi ba ya shiga sai an yanka. Su, da duk mai motar da lambobinta suka dace, hanyar da ta fi musu ita ce akwatin Gear Vendors: ana ɗaura shi a wutsiyar tsohon giyabos, a rage tsawon farfela, ya ba da 0.78. Ragin bai kai na sauran ba, kashi 22 ne cikin 100 maimakon 30, amma giyabos ɗin da kamfani ya buga wa lamba yana nan a mazauninsa.