FIM DA GASKIYA: Wai Da Gaske Lauda Da Hunt Ba Sa Ga-maciji?

A wannan watan filin naku ya leƙa Kamarawa ne, can ƙasar Isa ta jihar Sakkwato, inda wani musu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a rumfar mai cajin waya. Samari biyu ne. Ɗaya ɗan kabu-kabu, ɗaya kuma shi ne mai tura wa jama'a finafinai a waya. Abin da ya haɗa su shi ne Rush, fim ɗin tseren mota da darakta Ron Howard ya fitar a 2013. Ɗan kabu-kabu ya kafe a kan cewa tunda an rubuta a jikin fasta wai labarin gaskiya ne, to duk abin da ido ya gani haka ya faru: James Hunt na Ingila da Niki Lauda na Ostiriya maƙiyan juna ne, shi ke nan. Mai tura fim ya ce wallahi shiri ne, Turawa ma sun iya ƙarin gishiri kamar 'yan Indiya. Aka yi yarjejeniya a gaban shaidu, wanda ya sha ƙasa shi zai biya shayi da burodi na mako guda.

To, a fara da abin da fim ɗin bai yi ƙarya a kai ba, don yana da yawa. Ranar 1 ga Agusta 1976 motar Ferrari ta Lauda ta daki shinge a filin Nürburgring na Jamus ta kama da wuta yana ciki. 'Yan'uwansa direbobi huɗu ne suka tsaya suka jawo shi, cikin su har da Arturo Merzario ɗan Italiya. Fuskarsa ta ƙone, kunne ɗaya ya lalace, hayaƙi ya cinye masa huhu, har an kira limamin coci ya yi masa addu'ar ƙarshe a asibiti. Amma mako shida kacal mutumin nan ya dawo Monza da bandeji a ka, ya zo na huɗu. Wannan ba marubuci ne ya ƙirƙira ba. Haka tseren ƙarshe na Fuji a Japan: ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, Lauda ya yi zagaye biyu ya ajiye mota ya ce ransa ya fi kofi, Hunt ya zo na uku ya ɗauke kambun duniya da maki ɗaya tak, 69 da 68.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun gaba. Hunt da Lauda abokai ne tun suna ƙananan direbobi masu neman na kai a Ingila, suna hira suna raha, kuma Lauda bai taɓa ɓoye cewa yana ganin girman Hunt ba. Takara ce tsakanin su, zazzafa ma kuwa, amma ba ƙiyayya ba. Sannan wurin nan da 'yan kallo ke tafi, inda Hunt ya ja ɗan jarida ɗaki ya lakaɗa masa duka don ya yi wa Lauda tambayar cin fuska game da matarsa, sam bai faru ba. Marubucin fim ɗin, Peter Morgan, shi ya saƙa abinsa. Kuma an tsallake rigimar tseren Ingila na wannan shekara, wanda Hunt ya ci aka ƙwace aka ba Lauda bayan wata biyu. Duk da haka Lauda ya kalli fim ɗin da ransa, ya kuma yaba. Hunt dai bai gani ba, ya rasu tun 1993 yana da shekara 45.

Me ya sa ake yin haka? Ai duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san amsar. Fim sai da akta da bos. In tarihi bai kawo bos ba, darakta zai nemo shi ko ta halin ƙaƙa. A Rush an yi sa'a, an raba laifin biyu, ba wanda aka ɓata. A Ford v Ferrari na 2019 kuwa abin ya faɗa kan mutum ɗaya, Leo Beebe, babban jami'in kamfanin Ford. An nuna shi a matsayin munafuki mai hassada wanda ya sa wa direba Ken Miles ƙahon zuƙa. Gaskiya ne yana da hannu a shawarar da aka yanke a Le Mans na 1966, cewa motocin Ford su tsallake layi tare don a ɗauki hoto, kuma gaskiya ne wannan ya sa Miles ya rasa nasarar, aka ba Bruce McLaren da Chris Amon saboda motarsu ta taso daga baya, ta fi cin tafiya da 'yan taku. Amma waɗanda suka yi aiki da Beebe sun fito sun ce ba su gane mutumin da aka nuna ba. Shi kuma ya riga ya mutu tun kafin a ɗora kyamara, ba bakin kare kai. Yau miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba sun san shi, a matsayin mugu.

Sauran ƙarin gishirin fim ɗin masu sauƙi ne. Enzo Ferrari bai je Le Mans a 1966 ba, balle ya ɗaga wa Miles hula. Miles bai zauna a gareji yana sauraren rediyo a 1965 ba, ya je ya tuƙa, giyar motar ce ta ba shi kunya. Mutuwarsa dai gaskiya ce, wata biyu bayan tseren, yana gwajin sabuwar mota a Riverside.

Wani zai ce to a koma ga fim na haƙiƙa mana, wanda babu 'yan wasa. Ko nan ma a yi hattara. Senna na Asif Kapadia, 2010, duk hotunan gaske ne, amma almakashi ma alƙalami ne. An yanka an haɗa har Alain Prost na Faransa ya fito a bos sak. Prost ya yi ƙorafin cewa ba a ba shiryawar da suka yi haƙƙinta ba, alhali bayan ya bar tsere a ƙarshen 1993 Ayrton Senna kan buga masa waya su daɗe suna hira. Da Senna ya mutu a Imola ranar 1 ga Mayu 1994, Prost na cikin masu ɗaukar akwatin gawarsa a Birazil.

Mutanen Isa da Sabon Birni bai kamata a yi masu dogon bayani a kan wannan ba. Tun da Alkalawa ta faɗi a 1808, yawancin abin da aka karanta game da sarakunan Gobir daga alƙalamin waɗanda suka ci yaƙin ya fito. Duk ranar da wani furodusa a Kano ya tashi yin fim kan Bawa Jan Gwarzo ko Yunfa, wannan tambaya ce za ta taso: wa za a ba akta, wa za a ba bos? Kuma abin da yara suka gani a waya shi zai zauna masu a ka, ba abin da ke cikin littafi ba.

Af, ga wani abin da samarin rumfar caji ba su sani ba. Tseren mota mafi haɗari a duniya ta bayan gidansu ya riƙa wucewa. Gasar Paris-Dakar ta tashi ranar 26 ga Disamba 1978 da ababen hawa 182, guda 74 suka kai, kuma ta Agadas da Yamai ta bi. Daga baya har Tawa, maƙwabciyar jihar Sakkwato, ta zama zango. Wanda ya kafa ta, Thierry Sabine, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a 1986, aka watsa tokarsa a gindin wata bishiya a hamadar Tenere ta Nijar. Mazauna ƙauyukan hanya ma sun biya nasu kason: a 2006 kaɗai motocin gasar sun kashe yara biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Senigal. An soke ta 2008 saboda barazanar 'yan ta'adda a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020.

Kuma a nan ne aka yi abin da in an sa a fim za a ce ƙarya ce. A 1989, a garin Gawo na Mali, direbobin Peugeot biyu, Ari Vatanen da Jacky Ickx, sun yi wa kowa fintinkau suna neman halaka juna da gudu. Shugabansu Jean Todt ya ciro kwabo na faran goma ya wurga sama. Ya faɗo wa Vatanen, aka ce wa Ickx ya bi baya, kuma haka aka shiga Dakar.

Hukuncin musun Kamarawa kuwa: wuta da asibiti da ruwan Fuji na ɗan kabu-kabu ne, abota da dukan ɗan jarida na mai tura fim. Mako kwana bakwai ne ba ya rabuwa biyu, saboda haka ɗan kabu-kabu zai biya na kwana huɗu, tunda shi ya fara rantsuwa.