Idan Tagar Saiti Ta Kafe, Kada A Yi Gaggawar Wanke Kwamfuta

A wannan mako filin namu zai duba wata matsala da take addabar ɗalibai da ma'aikatan ofis da masu shagunan buga takardu a Kafanchan da kewayenta, watau kafewar tagar saiti a kwamfutar tafi-da-gidanka. Tagar saiti ita ce inda ake shiga a manhajar Windows domin haɗa kwamfuta da intanet, ko gyara agogo, ko ƙara hasken allo. Sai mutum ya buɗe ta, ta tsaya cik, ya danna nan ya danna can babu motsi, rufuwa ma ta ƙi.

Kafewar ita kanta ƙaramar cuta ce, maganin da ake yi mata shi ne yake jawo asara. Ɗalibin reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, ko na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, yakan shafe watanni yana rubuta kundin bincikensa na shekarar ƙarshe. Ranar da taga ta kafe sai hankalinsa ya tashi, ya garzaya wurin mai gyara, shi kuwa mai gyara abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce a yi mata fomat, watau a wanke ta tas, a zuba sabuwar manhaja. Kwamfuta ta dawo garau, amma kundi ya tafi. Mutanen Kafanchan sun san sha'anin jirgin ƙasa tun da garinsu ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, sun kuma san idan sigina ta maƙale, siginar ake gyarawa, ba a tuge dogo.

Abubuwa uku ne suka fi jawo wannan kafewa a wajenmu. Na farko, yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a 'yan gwanjo ne, ƙwaƙwalwar aikinsu ba ta wuce giga 4 ba, faifan ajiyarsu kuma tsohon yayi ne mai juyawa, saboda haka da aiki ya yi yawa sai su gaji. Na biyu, ƙurar hunturu takan toshe fanka da ƙofofin iska, injin ya yi zafi, ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Na uku, ɗaukewar wuta: idan batir ya mutu, wuta kuma ta tafi a daidai lokacin da Windows take sabunta kanta, wasu fayilolinta sukan lalace.

To, ga abin da ya kamata a yi, daki-daki. Da farko a dakata kamar minti biyu ko uku ba tare da danna kome ba, domin sau da yawa kwamfutar tana kan wani aiki ne a ɓoye, yawan danne-danne kuwa ƙara mata kaya yake yi. Sauri ya haifi nawa. Idan ba ta saki ba, a danna maɓallan Alt da F4 tare, wannan yakan rufe tagar da ke gaba. In ta ƙi, a haɗa Ctrl da Shift da Esc, za a ga jerin dukan manhajojin da ke aiki. A nemo wadda aka rubuta Settings, a zaɓe ta, a danna End task. Wannan taga kaɗai za ta rufe, sauran aiki yana nan yadda yake. A cikin wannan jeri kuma za a ga ko faifai ko ƙwaƙwalwa sun cika ɗari bisa ɗari, in haka ne an gano inda gizo yake saƙa.

Bayan haka a adana aikin da ke buɗe, a zaɓi Restart. A kula, Restart da Shut down ba ɗaya ba ne. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, Shut down yakan ajiye wani ɓangare na manhajar yadda yake domin kwamfuta ta tashi da wuri, saboda haka matsalar takan kwana ta tashi tare da ita. Restart shi ne yake sa kome ya soma daga farko. Danne maɓallin kunnawa har kwamfuta ta mutu kuwa, wannan sai an rasa kowace hanya, kuma kada a yi shi sa'ad da allo yake nuna ana sabuntawa.

Idan kafewar ta ci gaba da dawowa, a buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa, a rubuta sfc /scannow, a bar shi ya gama. Wannan umarni yana bincika fayilolin Windows, ya maye gurbin waɗanda suka lalace, ba ya taɓa takardun mai kwamfuta. Kafin a gama gyara, tsohuwar tagar Control Panel tana nan, ana iya yin ayyuka da dama ta cikinta.

Manyan ƙasashe ma sun ga irin wannan rana. Ran 19 ga Yuli 2024, wani gyara mai kuskure da kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows, har jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga wahala. Maganin da aka bayar shi ne a shiga kowace kwamfuta a goge fayil ɗin da ya jawo ɓarnar. Babbar matsala ce, amma gyaranta ƙarami ne ga wanda ya san inda take.

Har ila yau, masu Windows 10 su sani kamfanin Microsoft ya daina ba ta gyaran da ya saba bayarwa tun 14 ga Oktoba 2025. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wanda ya ɗora mata ita da ƙarfi kada ya yi mamaki in ta riƙa nauyi.

Muna kira ga masu gyara da su riƙa tambayar mai kwamfuta abin da ke ciki, su kwashe masa takardunsa kafin su wanke ta, ko da za su ƙara kuɗin aiki. Shugabannin makarantu kuma su koya wa sababbin ɗalibai waɗannan matakai tun makon farko. Kai kuma ɗalibi, duk ranar da ka yi rubutu ka kwafa a filashi, ka kuma aika wa kanka ta imel, gama rigakafi ya fi magani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.